Wa Ya Canja Dodon?



Wata Asabar da yamma, bayan gwajin waƙa, matasanmu suka kafa majigi a ɗakin taro suka ce sai an kalli Beauty and the Beast, tsohon fim ɗin zane na kamfanin Disney. Mu da muka haura arba'in muka koma bencin baya, muna cewa a ranmu ai kallon yara ne, za mu ɗan yi gyangyaɗi. Ko ƙiftawa ba mu yi ba. Da aka kunna fitila kuwa gardama ta kaure, ba a tashi ba sai da mai gadi ya zo yana kaɗa makullai.

Ga wanda bai gani ba, labarin gajere ne. Wani yarima mai girman kai ya kori tsohuwa da ta roƙi wurin kwana, ashe mai sihiri ce, ta mai da shi dodo. Ta bar masa furen wardi da sharaɗi: ya koyi ƙauna, a kuma ƙaunace shi, kafin ganyen furen na ƙarshe ya faɗi. Ana nan sai ya kulle wani tsoho da ya ɓace a daji ya faɗo gidansa. 'Yar tsohon, Belle, yarinya mai son karatu, ta zo ta ce a riƙe ta a saki mahaifinta. Daga nan har ƙarshe, zamansu ne a wannan fada.

Da fim ɗin ya fito a Amurka a 1991, masu sharhi sun yabe shi sosai. Tun ba a gama zana shi ba aka nuna shi a bikin finafinai na birnin New York, wasu sassa duk zanen fensir ne, amma 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi. Shi ne fim ɗin zane na farko da aka sa cikin masu neman kyautar Oscar ta gwarzon fim. Bai ci wannan ba, amma ya ci biyu a fannin kiɗa da waƙa. Alan Menken ya tsara kiɗan, Howard Ashman ya rubuta baitocin, shi kuma ya rasu a watan Maris na shekarar, bai ga fitowar aikinsa ba. Roger Ebert, sanannen mai sharhi, ya ba shi tauraro huɗu, iyakar makinsa ke nan.

Daga baya wata murya ta taso, kuma ita ce muka ji a bakin wasu 'yan matanmu a daren nan. Suka ce: a cire waƙa, a cire rawa da rigar nan mai ruwan ɗorawa, me ya rage? Namiji ya kulle mace, ya daka mata tsawa, ya ce in ba za ta ci abinci da shi ba to kada ta ci sam, ƙarshe kuma ta ce tana sonsa. Masu wannan suka suna kiran abin da sunan birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, inda a 1973 'yan fashi suka tsare ma'aikatan banki huɗu har kwana shida, waɗanda aka tsare kuma suka fito suna tausaya wa masu tsare su. Samarin suka ce wannan neman magana ne, tatsuniya ce kawai, kuma darasinta a fili yake: kada a duba fuska, a duba zuciya. Wani ma ya buɗe 1 Sama'ila 16:7 yana jiran mu ce amin.

Ba mu ce ba, gama mun lura da wani abu. Tatsuniyar daga Faransa take. Wata marubuciya, Villeneuve, ta buga ta a 1740, wata malamar 'yan mata, Leprince de Beaumont, ta gajarta ta a 1756. A wannan gajeren labari dodon mummuna ne, amma da ya karɓi yarinyar sai ladabi, kowane dare yana neman aurenta, tana ƙi, yana tafiya da baƙin ciki. Matsalarsa muni ce. Dodon Disney kuwa matsalarsa hali ne: fushi, tsawa, farfasa kaya. Ayar Sama'ila ta dace da na farko. Na biyu kuwa, ko an duba zuciyar, a farkon fim ɗin ba kyau za a tarar ba. Don irinsa ne Karin Magana 22:24 take gargaɗi kan yin abota da mai zafin rai.

Duk da haka muna ganin masu sukan sun yi saurin yanke hukunci. Ku sake kallo a natse. Belle ba ta taɓa ɗaura niyyar gyara kowa ba. Da ya kira ta cin abinci ta ƙi. Da ya yi mata ihu a ɗakin furen ta hau dokinta ta gudu, ba ta tsaya neman uzuri dominsa ba. Ta komo ne bayan ya yi faɗa da kyarketai dominta ya faɗi da rauni, kuma tana wanke masa ciwon tana gaya masa laifinsa ido da ido. Wurin da ya fi taɓa mu shi ne inda ta ga mahaifinta a madubin sihiri yana fama a daji. Dodon ya san furen ya kusa ƙarewa, ya san in ta tafi shi ke nan, amma ya buɗe mata ƙofa. Ya canja tun ba ta furta ƙauna ba, kuma shi ya biya kuɗin canjin, ba ita ba.

Af, kada mu manta da Gaston, kyakkyawan maharbin da duk gari yake wa waƙa. Shi ne ya shirya a kulle mahaifin Belle a gidan mahaukata in ba ta aure shi ba, shi ne kuma ya soki dodon ta baya bayan dodon ya bar shi da rai. Mutanen garin su ma 'yan kallo ne, kuma gaba ɗayansu sun yi kuskuren zaɓe.

To, in haka ne, me ya hana mu barci a daren? Fim ɗin bai kai awa ɗaya da rabi ba. Canjin da yake cin shekaru a rayuwa, a can waƙa guda ce cikin dusar ƙanƙara. Yaro ba ya riƙe tsarin abin da ya riga wani, abin da yake riƙewa shi ne: mugu ne, ta zauna, ya zama yarima. A nan masu sukan suna da gaskiya, kuma mu masu wa'azi ba mu da bakin yi musu dariya. Sau nawa 'yar'uwa ta zo da kuka muka sallame ta da “ki yi haƙuri, ki yi addu'a, zai canja”? Mun ɗora wa 'yan mata aikin da ba nasu ba. A Daniyel 4 akwai sarkin da girman kai ya mai da shi kamar dabba, yana cin ciyawa. Ba a aika wa Nebukadnezzar budurwa ta zauna da shi a jeji ba. Hankalinsa ya komo sa'ad da shi da kansa ya ɗaga ido sama. Sabuwar zuciya, bisa ga Ezekiyel 36:26, Ubangiji ne mai ba da ita.

Bayan kwana uku wata daga cikin 'yan ƙungiyar waƙa ta zo gida da magariba. Ta ba mu izini mu faɗi wannan ba suna. Ta daɗe tana taya Mama tsince shinkafa kafin ta ce, “Baba, ashe ba gaskiya ba ne ƙauna tana canja mutum?” An riga an kai kuɗin gaisuwarta. Saurayin yana bincika wayarta, ya hana ta zuwa gidan yayarta, ya taɓa marinta sau biyu, kowane karo yana dawowa da kuka da turare. A majami'a kuwa kowa yana yabonsa.

Da a ce shekara goma da suka wuce ne, mun san amsar da za mu ba ta, kuma muna jin kunyarta. Wannan karon muka ce, “'Yata, tun da kuke tare, ya taɓa barinki ki yi abin da shi ba ya so, ba tare da kin biya da hawaye ba?” Ta yi shiru, tana juya tiren shinkafa. Mama ta matso ta riƙe hannunta.

Muka gaya mata mari ba gicciyen da aka ce ta ɗauka ba ne, kuma ba a sa ranar aure bisa alkawarin tuba. In ya tuba da gaske za a gani, a hannun dattawa, cikin watanni, ita kuwa tana gidan iyayenta. Ta ce tana tsoron abin da mutane za su ce, ga kaya an soma saye. Muka ce za mu raka ta.

Ranar Alhamis muka tafi mu uku wurin mahaifinta. Ya saurara har ƙarshe bai katse mu ba. Sa'an nan ya shiga ɗaki, ya fito da ambulan ɗin kuɗin gaisuwar, ko buɗe shi ba a yi ba, ya ajiye a kan tabarma ya ce a kira masa ƙaninsa.