Muryar Gita Tana Fuskarta

Shekara guda cur na yi ina komawa zauren kawuna duk hutu, muna haɗa gita. Shi masassaƙi ne, garaya da kalangu ya saba yi, bai taɓa yin gita ba.

Galibin mutane sun ɗauka tsirkiya ce ke ba da amo, alhali in ka ɗaura tsirkiyoyin nan shida a jikin sanda da ƙyar za ka ji su. Mai maganar shi ne allon fuska, kamar dai fata a jikin garaya. Wani gwani na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, ya nuna haka a 1862, da ya yi gita mai baya da gefe na kwali amma fuskar katako, ta kuwa yi amo.

To, nan wahalar take. Sai an kankare allon ya koma wajen milimita 3, ga shi tsirkiyoyi za su riƙa ja da nauyin kusan kilo 40. In ya yi kauri, gita ta zama bebiya. In an zarce da kankara, ta dare. Kawu ba ruwansa da ma'auni. Yakan ɗaga allon kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ɗana, da saura."

Baya da wuya na maɗaci muka yi. Manne sassa kuwa sai da hunturu, domin katakon da aka manne da damina yakan tsage in iska ta bushe. Man sheƙi da ƙullin tsumma na shafa shi, kaɗan-kaɗan, har mako uku, don shafi mai kauri shaƙe allon yake yi.