Ƙuri'armu Da Kuɗin Maganin Maƙwabcinmu

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai abu biyu da mutane suke gani ba abin da ya haɗa su, wato kuɗin asibiti da ƙuri'ar zaɓe. Mu kuwa mun ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Inshorar lafiya 'yar'uwar adashi ce. Jama'a suna zuba kuɗi tun suna da lafiya, sa'an nan wanda ciwo ya kayar a yi masa magani daga cikin asusun. A Nijeriya an yi dokar wannan shiri a 1999, aka fara aiki da shi a 2005, ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne kuwa suka fara cin moriyarsa. Shirin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba, ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai. To, manomi fa? Tela fa, da 'yar kasuwa, da mai bishara a ƙauye?

Mu malaman makarantun Ekklesiya muna cikin wannan babban taro da ba ya cin albashin gwamnati. Sa'ad da waɗansunmu suka je wani kamfani domin su saya wa iyalinsu, aka ce sai a biya kuɗin shekara gaba ɗaya, alhali albashinmu da ƙyar yake ganin ƙarshen wata. Aka ce haihuwa da tiyata sai an jira watanni. Mai hawan jini ko ciwon sukari aka ce tsohon ciwo ne, ba ya ciki tukuna. Iyayenmu tsofaffi kuwa aka ce shekarunsu sun wuce. Ashe wanda ya fi bukata shi ne ƙofa ta fi yi wa ƙunci. Ba abin mamaki ba ne da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fitowa. Haka akuya take tafiya, gona ta bi ta, yaro kuma ya bar makaranta.

Wannan ƙunci ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ne suke tsara shi, mutanen kuwa mu ne muke zaɓensu. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin Tarayya bai taɓa kaiwa can ba. Dokar lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Jihohi kamar Kaduna da Filato da Kano sun kafa hukumominsu. Doka mai kyau ce, amma doka a takarda ba ta sauke zazzaɓi. Sai gwamna ya saki kuɗi, 'yan majalisa sun bi sawu, magani ya isa ƙaramin asibitin ƙauye.

Ku tuna da Basamariyen nan na Luka 10. Bai tsaya ga ɗaure raunukan mutumin ba, har ya biya mai masauki dinari 2, ya ɗauki nauyin abin da zai ƙaru. Mu ba mu da ƙarfin biya wa dukan masu ciwo, amma muna da ƙuri'a. Duk da haka a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Waɗansu kuma suka karɓi atamfa da taliya da sabulu. Isuwa ya sayar da gādonsa na ɗan fari saboda abincin yini ɗaya. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa kuwa ba nasa kaɗai ya sayar ba, har da na gwauruwar da take zama kusa da shi a sujada.

Ba mu ce akwai jam'iyyar da Allah ya sa wa hannu ba. Masu bi biyu suna iya yin addu'a da zuciya ɗaya su zaɓi mutum dabam dabam, kada kuwa wannan ya raba su a teburin Ubangiji. Abin da muke cewa shi ne, kada mu tsaya ga tambayar ko ɗan takara ɗan ƙabilarmu ne ko ɗan ɗarikarmu. Mu tambaye shi nawa zai keɓe wa lafiya, talakawa nawa aka yi wa rajista a lokacinsa, ko kuma za a yarda manomi ya biya bayan kaka. Dattawan Ekklesiya da Zumuntar Mata su ma su bincika yadda za a yi rajista a ƙungiyance, gama tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Allah ya ba mu hikima mu jefa ƙuri'a da tsoronsa, muna tunawa da waɗanda suke kwance. Amin.