Kalma Guda a Bakin Gadon Inna

A daminar bara aka kwantar da mahaifiyata a wani ƙaramin asibiti da ke Kado, kusa da kasuwar kifi. Ta je Abuja ne ganin jikoki a gidan ƙanwata. Kwana uku da saukarta sai ta shiga kiran 'yar tata da sunan kishiyarta wadda ta rasu tun muna yara, tana kuma neman a buɗe mata ƙofa ta kai wa awaki dusa. Da asuba na kama hanya. Likitar, wata matashiya da ba ta jin Hausa, ta dube ni ta ce da Ingilishi tsohuwa tana "confused". Yayanmu, wanda karatun allo kaɗai ya yi, ya taɓa ni ya ce, "Kai ne ɗan boko, me ta ce?"

Shekara goma sha biyar ina koyar da adabi, amma sai na yi tsaye kamar an dasa ni. Kalmar dai na san ta. Asalinta daga Latin ne, daga wani aikatau mai nufin zuba abubuwa wuri guda har su cakuɗe, kamar a haɗa gero da dawa a masaki ɗaya. Da ita ɗalibi ke kokawa idan darasi ya ɗaure masa kai. Da 'yar uwarta Fela ya raɗa wa faifansa suna a 1975, yana nufin hargitsin mahaɗar Ojuelegba a Legas. Bature ya yi ta labta mata kaya, ita kuwa tana ɗauka.

Bahaushe rarraba kayan ya yi. Akwai ruɗewa, akwai kiɗimewa ta wanda mugun labari ya faɗo wa, da daburcewa ta maƙaryacin da aka ritsa, da ɗimuwa ta matafiyin da gabas ta ɓace masa a daji. To, kowace na ɗauka na san inda za ta kai mu. In na ce ta gigice, Yaya zai ji gigin tsufa, ya ce a mai da ita gida, tsufa ba shi da magani. In na ce ta zautu, kafin magariba an fara maganar iska. In na ce ta ruɗe, sai a ce baƙunta ce kawai. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Roxana Newman na 1990 suna can kan kantata, kuma ko suna hannuna, ƙamus jera kalmomi yake yi, zaɓi na mai magana ne.

Sai na ajiye girman kai na tambayi likitar me take nufi. Ta ce a wurinsu gushewar tunani ce da ke zuwa farat ɗaya, cikin awoyi ko kwanaki, takan lafa ta dawo, ta fi tsanani da dare. Gigin tsufa shi a hankali yake rarrafowa, shekara da shekaru. Ga tsofaffi kuwa ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani, na iya jawo ta. Gwajin fitsari ya nuna na farkon.

Na juya na ce, "Yaya, ciwon mafitsara ne ya hau mata kai, ta ɗimauce. Za a yi magani." Ɗimuwa na zaɓa, domin wanda ya ɗimauce akan gano shi a kawo shi gida.

Ranar kwana na biyar, bayan la'asar, Inna ta buɗe ido ta ƙare mini kallo. Ta tambayi wa ya kawo ta nan, nawa aka kashe, sa'an nan ta yi mini faɗa don na shigo gaban mutane ba hula.