Ruwan da aka zuƙo daga cikin Goggo

Ciwon ƙoda ne ya kai Goggo asibiti a Manchester. Ana neman tsakuwa a hoton ciki, sai aka ga wani ƙullutu mai ruwa, kusan santimita 3, a jikin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin. Kafin magariba labari ya isa Kano cewa ciwon daji ne. Da yake ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, ni dangi suka ɗora wa bayani, sai ka ce likita ce.

Gaskiya ni ma na tsorata, sai da na zauna na yi karatu. Ashe ƙullutan ba iri ɗaya ba ne. Masu tsinkakken ruwa da wuya su zama daji. Masu ruwa mai yauƙi, kamar na kuɓewa, su ake sa wa ido. A da rarrabe su aiki ne, har akan yi wa mutum babbar tiyatar nan ta Whipple, a cire kan fankiriyas da wani ɓangare na hanji, daga baya a gane ƙullutun ba shi da illa.

Da hoton MRI bai raba gardama ba, aka zura wa Goggo siririn bututu ta baki, mai na'urar duban ciki a bakinsa. Ta cikin tumbi likita ya soka allura ya zuƙo ruwan. An daɗe ana auna sinadarin CEA, idan ya haura 192 a yi zargin yauƙi. Yanzu an ƙara da auna suga, ƙasa da 50 alamar yauƙi ce. Wannan ya ba ni mamaki, don masu bincike sun nuna ko 'yar na'urar masu ciwon suga tana iya aunawa. Wasu asibitocin har sauyin ƙwayoyin gado KRAS da GNAS suke nema a cikin ruwan.

Na Goggo mai yauƙi ne, amma babu tsiro a cikinsa, babbar hanyar fankiriyas ba ta buɗe ba, idonta bai yi shawara ba. Likita ya ce ba tiyata, za a riƙa maimaita MRI.

A cikin bas ta kalle ni. "Abu yana cikina, sun gan shi, kuma su ce a bar shi?"

"Goggo, ba barinsa suka yi ba, gadinsa za su yi."

Ta yi shiru har muka wuce tasha biyu, sannan ta ce in rubuta mata ranar komawa a jikin kalanda, kuma ni zan kira Kano.