Romon Gwaggo A Watari

Saura wata guda bikina, amma wallahi ko nama ban iya sarrafawa ba. Da Inna ta ga zan ja mata abin kunya a gidan miji, sai ta tura ni Watari wajen Gwaggo.

Daga Kano muka bi hanyar Bichi, muka karkata zuwa Bagwai. Wai! Da rani ne, amma ko'ina kore shar, ga tumatir ga albasa, albarkacin madatsar ruwan da aka kammala a 1980.

Washegari Gwaggo ta ɗauko naman tsohuwar saniya mai tauri. Na ce, "Gwaggo, na karanta mutanen Italiya da jar giyar inabi suke dafa irinsa, tsaminta ke sa shi laushi."

Ta ce, "A'uzubillahi! 'Yar nan, in tsami ne ai Allah Ya hore mana zoborodo."

Ta soya naman har ya yi ja, ta kwashe. Ta zuba albasa da tafarnuwa, ta juye ruwan zoborodo ludayi biyu tana kankare gindin tukunya. Sai markaɗen tumatir, citta da kanumfari. Ta mayar da naman, ta janye itace, muka bar shi yana dahuwa a hankali wajen awa biyu.

'Yan uwana mata, ku zo ku ga romo, ja wur, ga kauri! Sau uku ta sa na maimaita kafin ta sallame ni da zoborodo kwano guda.