Tsohon Giris a Kan Shaf

A garejojin Fagge da Sabon Gari, wanke kan shaf aiki ne da akan bar wa yaran shago, ko da yake yana buƙatar haƙuri fiye da ƙarfi. Kan shaf shi ne mahaɗin da ke kai juyin inji zuwa tayar gaba ba tare da gudunta ya sauya ba, ko ana cikin kwana. Nau'in da Alfred Rzeppa, injiniyan kamfanin Ford, ya ƙirƙira a shekarun 1920 yakan ƙunshi ƙwallayen ƙarfe 6 da ke yawo cikin baƙin giris, a ƙarƙashin murfin roba.

Da zarar robar ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina sukan shiga, giris ya koma taɓo mai yashi da ke cin ƙarfen a hankali. Don haka bakaniken kirki yakan zare ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ya wanke da kananzir, ya shanya, sannan ya bi kwarin da suke gudana da yatsa yana neman zaizaya. Mai gaggawa kuwa sabon giris yake ɗurawa a kan tsoho, mai mota bai sani ba, sai ranar da ya ji ƙas-ƙas a kwana, ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani kan shaf.