Ranar da yaro ya ba ni littattafansa

Kai mai karatu, ni gardi ne a wani koleji. Aikina buɗe ƙofa da rufe ta. Ba ni koyar da kowa, amma duk yaron da ya shigo, ni ke fara ganin fuskarsa.

Akwai wani yaro ɗan ajin ƙarshe. Daga ƙauye ya zo, yana zaune gidan kawunsa. Ya faɗi jarrabawar BEPC, yana maimaita aji. Da, kullum sai ya tsaya mun gaisa. Sai ya daina. Lokacin hutu ya kan zauna gindin bedi shi kaɗai, ga shi ya rame.

Wata Alhamis ya kawo mini littattafansa. Ya ce, "Baba, ka ba ɗanka. Kwana kaɗan kowa zai huta da ni."

Gabana ya faɗi. Na so in ce masa, "Haram ne, ka nemi gafara." Da na faɗi haka, da ya yi shiru ya tafi da abinsa a ciki. Sai na shimfiɗa tabarma, na ce ya zauna. Na ce, "Ɗana, kana tunanin kashe kanka ne?"

Na san za ka ce wannan tambaya ta yi nauyi. Mutane suna tsoron kada ta sa ma yaro tunanin da ba ya da shi. Likitoci sun ce ba haka ba ne, tambaya sauƙi take kawowa. Kuma abin ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce mutum fiye da 700,000 ke mutuwa ta haka kowace shekara.

Yaron ya ce, "I." Ya yi ta kuka, ni kuwa ban katse shi ba. Ya roƙe ni in rufa masa asiri. Na ce, "Wannan kam ba ni iyawa."

Ban tashi daga wurinsa ba. Na aika aka kira darakta, muka kai shi asibiti tare. Da dare muka je wurin kawunsa. Muka ce ya kulle maganin ƙwari na gona, kuma kada a bar yaron ya kwana shi kaɗai.

Wata guda yana fushi da ni, ko gaisuwa babu. Likita ya ci gaba da ganinsa. Wata Litinin na miƙa masa littattafansa a bakin ƙofa. Bai ce ya gode ba. Ya karɓa, ya shiga aji.